Duwatsun Niƙan da Aka Kifa

Kwarin Maje, ta hanyar Ruma,
Cikin kaka.

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwa biyu a haɗe, ta uba ga 'yarsa da ta ɗa ga mai sunan mahaifiyarsa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da gwaggonki Binta da duk mutanen gidanta a Batsari. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na daji, Ya sa kunnuwanku su daina jin abin da ke tayar da hankali.

Masu dawowa daga kasuwa sun kawo mani saƙon gwaggonki. Ta ce kin fasa tafiya jami'a, alhali ƙarshen makon nan za a rufe rajista, kuma in an rufe gurbinki ya tafi. Ta ce dalilanki biyu ne. Na farko, babu mai dafa wa Baba. Na biyu, Baba da bakinsa ya ce karatun tarihi bai taɓa ciyar da kowa ba. Na farkon ƙarami ne, zan zo kansa daga baya. Na biyun nawa ne, ni na faɗa, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Da baki ba zan iya ba. Kin san halina, in na buɗe baki baƙar magana ce ke riga sauran fita.

Ba ki san ni da ƙuruciya ba, sai dai a hoto. Lokacin da na gamo karatu aka tura ni koyarwa Safana, na sauka daga mota da akwatin ƙarfe cike da littattafai, ina tafiya kamar ƙasar garin ba ta isa ta taɓa takalmina ba. Kuma na iya aikin, wannan ba zan yi ƙaryar tawali'u a kansa ba. In na shiga aji na fara ba da labarin dalar Masar, da yadda har yau ake gardama kan hanyar da aka bi aka ɗaga waɗannan duwatsu, ko ƙuda ba ya motsi. Na ba su labarin garin nan na ƙasar Italiya da dutse ya yi aman wuta toka ta binne shi, aka tono shi bayan ƙarnoni aka tarar da burodi a cikin tanda. Na ba su na tsibirin da ke tsakiyar teku, mai manyan kawunan dutse da suka juya wa ruwa baya. Na ba su na manoman ƙasar Sin da suka je haƙa rijiya suka ci karo da rundunar sojojin yumɓu, kowane soja da irin fuskarsa. Yara har daga wasu azuzuwa suke zuwa su maƙale a taga.

Amma ni a lokacin, tarihi abu ne da ke faruwa da mutanen nesa. Namu na nan almara ce ta tsofaffi. Wata rana na kwashi ɗalibai muka je wani tsohon kufai a bayan duwatsun Ruma, don dai hedimasta ya matsa a kai su yawon buɗe ido. Wurin babu gini ko ɗaya, sai kukoki a tare, da tsingaro ko'ina, da ramukan marina da ƙasa ta cike. Ga kuma duwatsun niƙa nan da can, kuma duk a kife suke, fuska a ƙasa. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, me ya sa duk aka kifa su?”

Ban sani ba. Ko kusa ban sani ba. Amma ban yi ko ƙiftawar ido ba na ce, “Mahara ne suka kifar da su, don su wulaƙanta mutanen garin bayan sun ci su da yaƙi.” Suka rubuta a littattafansu. Na ci gaba da faɗar haka aji bayan aji, har ni ma na yarda.

Uwata, za ki je wurin da ake girmama mai saurin amsa. Kada wannan ya ruɗe ki. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ko da a gaban wanda ya raina ki ne. Wanda ya ce bai sani ba ya bar ƙofa a buɗe, wani zai zo ya shiga. Ni rufe ta na yi, na zauna a bakinta shekara da shekaru.

Kuskurena na biyu ya zo ne lokacin da aka cire darasin tarihi daga makarantu. Aka ce ba shi da amfani ga ƙasa mai son ci gaba. Ni kuma aka maido ni Batsari, aka ba ni kula da shara da buga ƙararrawa, da wani darasi na koya wa yara yadda ake tsallaka titi, a garin da titinsa ɗaya ne. Waɗanda na koya wa rubuta sunansu suka zama masu duba aikina. Har yau ban yafe wa masu wannan shawara ba, Allah Ya sani. Amma abin da na yi ya fi nasu wauta. Na yi fushi da su, sai na huce a kan littattafaina. Na kinkimi akwatin nan na kai wa mai ƙosai ta bakin tasha, na ce ta yi ƙunshi da su.

Ta dube ni ta ce, “Malam, duka? Ba za ka rage ko na tunawa ba?”

Na ce, “Ƙosanki ya fi su amfani. Gwamnati ma ta faɗa.”

Bayan kwana biyu matata, innarki, ta aika a sayo ƙosai, aka kawo mani nawa a cikin faɗuwar daular Rum, mai ya jiƙe rabin shafin. Na zauna ina ci ina karantawa, da na kai ƙarshen shafi ina son ci gaba, babu. Sauran yana cikin wani gida ana cin ƙosai da shi. Innarki ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Sai ka bi gida-gida ka tambayi yadda ta ƙare.”

Za a raina karatunki, wannan tabbas ne. Wani zai tambaye ki, yana murmushi, ko tsingaro ake ci. Wata za ta ce da likitanci kika yi. In abin ya ishe ki, yi fushi da mai maganar, ki gaya mashi abin da ya dace da shi cikin ladabi. Kada ki juya ki hukunta abin da kike so don wani bai san darajarsa ba.

Na uku kin gan shi da idonki, amma akwai abin da ba ki gani ba, don kina cikin mota. Ranar da muka bar Kwarin Maje, garinmu da na dawo da zama bayan na yi ritaya, bayan 'yan bindiga sun aiko cewa za su dawo, kin tuna bayan azahar ne, kowa na jefa abin da ya samu a bayan a-kori-kura. An gama lodi, direba na ta danna ham, sai na nemi innarki na rasa. Na koma cikin gida a guje na same ta a gindin zogale tana kokawa da dutsen niƙanta. Kin san tun da mai ya yi tsada injin niƙan garin ya tsaya, mata suka koma dutse kamar zamanin kakanninsu. Ta tura ɗan dutsen ƙarƙashi, tana ƙoƙarin kifa uwar a kansa.

Na daka mata tsawa, na ce, “Asabe! Mutane na gudun rai, ke kina wasa da dutse?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Kama mani nan, Malam. In na bar shi a buɗe awaki da ruwan sama za su ɓata mashi fuska. Da me zan yi niƙa in mun dawo?”

Na kama mata don dai mu tafi, ina ta faɗa. Ban yi tunanin komai ba. Tsoro da fushi sun cika mani kai.

Sai zaman da muka yi a firamaren Batsari, iyali kan iyali a aji ɗaya, an raba da zannuwa. Da damina ta biyu ta matso, dattawa suka taru a gindin bedi don a yanke ko za a koma a yi shuka. Aka ce Malam Lawal ya yi karatu, a ji ta bakinsa. Uwata, rabon da a nemi jin ta bakina har na manta. Na miƙe na gyara riga, na ba su darasin da ya fi kowane darasi da na taɓa bayarwa daɗin ji. Na lissafa masu biranen dutse da ke cikin kurmin Amurka ta Tsakiya, waɗanda mutanensu suka fita itatuwa suka cinye. Na kawo ganuwar Zimbabuwe da aka jera da dutse ba tare da laka ba, yau sai tsuntsaye. Na kawo garin toka. Na ce, “Waɗannan sun fi mu ƙarfi, sun fi mu dabara, kuma ba su koma ba. Ku daina yaudarar kanku. Kwarin Maje ya zama kufai.”

Kalmar nan ta faɗi a wurin kamar an jefa gawa. Babu wanda ya taɓa furta ta kafin ni. Ana cewa “mun taso”, ana cewa “gari ba kowa”, amma ba a ce kufai ba. Jauro Buba, maƙwabcinmu na ruga, wanda ɓarayin suka kore wa shanu suka bar shi da karsana biyu da sanda, ya dube ni ya ce, “Malam, da wanga baki naka kake cin tuwo? Uwayenmu na kwance can, kai kana ce ma wurin kufai?”

Na ce, “Ba ni na faɗa ba, Jauro. Tarihi ne.”

Ya ce, “To ka gaishe shi. Ka ce mashi Buba zai koma.”

Amma ba kowa ne Buba ba. A makon nan gidaje da dama suka ɗaure kaya, wasu Katsina, wasu Kano. Sun ce mai ilmi ya faɗa. Innarki kuwa, a wannan ajin Allah Ya karɓi abinSa kafin kaka. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.

Ke ce kika yi magana. Washegarin taron kin kawo mani koko kika tsaya, ba ki tafi ba. Kika ce, “Baba, ba kai ka ba mu labarin wani birni da aka tona aka tarar da gari a kan gari ba, an ƙone wannan an gina wani a kansa, an rushe wancan an sake ginawa? Su wa ke dawowa suna ginin? Da birnin Japan da bam ya share, ka ce yau ya fi da cika. Me ya sa jiya ba ka faɗa masu waɗannan ba?”

Na ce ki yi mani shiru, ki bar wurin. Amsar da ban ba ki ba ran nan ita ce: na san su sarai, na zaɓi in bar su ne. Raina a ɓace yake da duniya, sai na shiga cikin abin da na sani na tsinto wanda ya yi daidai da ɓacin raina na ba mutane, a lokacin da suka fi kowane lokaci buƙatar ɗaya rabin. Ki kiyayi wannan fiye da jahilci. Duk abin da mutum ke so ya tabbatar zai same shi a tarihi, don duniya ta daɗe kuma komai ya faru a cikinta. Ranar da aka tambaye ki, musamman in masu tambayar suna cikin tsoro, ki kawo duka, wanda ya yi maki daɗi da wanda bai yi ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maki ba, kuma saboda shi nake jin kamar in hau kan rumbu in yi shela.

Kin san Jauro da 'yan maza kaɗan suka fara komawa, su tafi da safe a kan babura su yi noma su dawo kafin la'asar. Damina ɗaya a haka. Bana suka ce mata ma su zo. Ni na biyo motar ƙarshe, kuma in gaya maki gaskiya na zo ne in ga yadda za su ji kunya. Muka iso da hantsi. Rufin ɗakuna ya zube, ciyawa ta kai ƙirji, an ɓalle ƙofofi, an ƙone rumbuna. Na ce a raina, ga shi nan, abin da na faɗa. Sai na ga matan ko kallon ɗakunan ba su yi ba. Kowace ta nufi wani lungu na tsakar gidanta tana sheme ciyawa da hannu. Can sai na ji guɗa daga gidan Liman, sai wata daga gidan maƙera, sai gari ya ɗauka. Duwatsunsu suke juyawa. Ashe ba innarki kaɗai ba ce. Kowace mace a garin nan ta kifa nata kafin ta hau mota.

Na shiga gidanmu na durƙusa a gindin zogale na juya na innarki da kaina. Fuskarsa tas, kamar jiya aka wanke, ga ɗan dutsen a kwance inda ta sa shi. Ina nan durƙushe sai kufan bayan Ruma ya faɗo mani, da muryar yarinyar nan mai tambaya. Uwata, sai na tambayi kaina. Wane mahari ne zai tsaya yana bin gida-gida yana kifa dutse a hankali? Matan garin ne suka kifa su. Mutanen nan ba su fita da niyyar barin garinsu ba. Cewa suka yi za su dawo.

Na fito ina ihu kamar yaro, hulata a hannu. Jauro na ɗaure karsanarsa ya ce, “Subhanallahi, kunama ce, Malam?”

Na ce, “Na gano, Jauro! Abin da na yi shekaru ina koyarwa ba daidai ba, yau na gano shi!”

Na kwashe duka na gaya mashi. Ya saurara yana tauna goro, ya ce, “Madalla. To tunda bakin ya gyaru, sai ka bi waɗanda ka kora da shi ka kira su.”

Kuma na bi su. Tafiye-tafiyen da kika ga ina yi kafin shuka, ina ce maki zancen fansho ne, ba shi ba ne. Na je Katsina, na bi su kango-kango inda suke gadi da ga-ruwa, na tsaya a gaban kowane maigida na ce kalmar da na faɗa a gindin bedi ƙarya ce, na janye ta. Wani ya rufe mani ƙofa, kuma ban ga laifinsa ba. Wasu sun ce sai sun ga kaka. Amma wasu sun biyo ni, da tabarminsu da 'ya'yansu. Yau da nake rubutun nan gero na tsaye a gonaki an fara yanka, an ɗaga sababbin rumbuna, an yi suna a gidan maƙera, kuma da asuba ƙarar niƙa ce ke tashe ni. Ba na ce an zauna lafiya ba. Har yanzu kunnenmu ɗaya na daji, kuma waɗanda aikinsu ne su tsare mu ba mu ga ƙeyarsu ba, sai lokacin zaɓe in Allah Ya kai mu. Amma gari ya tashi. Na karanta labarin sarakunan da suka ci ƙasashe, ban taɓa jin abin da na ji ba ranar da na ga hayaƙi na fita daga kowane gida a Kwarin Maje.

Sai dai kada ki ɗauki maganata ta zama hujja, kar in maimaita kuskuren farko. Abin da na gano zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba. Kuma ya haifi tambayar da ta fi shi girma: in mutanen bayan Ruma sun yi niyyar dawowa, me ya hana su? Yunwa ce, ko annoba, ko an kama su a hanya? Ni ban sani ba, kin ji na faɗa. Amsar na ƙarƙashin kukokin nan, kuma ba a samo ta da fartanya da zafin rai. Sai wanda ya koyi yadda ake tono, da yadda ake gane shekarun tsingaro da gawayi. Ana ta tashi daga ƙasashen Turai a je a tona biranen wasu. Namu na nan a kwance babu wanda ya tambaye shi komai. Karatun da aka ba ki gurbinsa ke nan, ke kuma kina cewa tuwon Baba.

Maganar da na yi ranar da kika kawo mani takardar shiga, cewa tarihi bai ciyar da kowa ba, ga yadda take. Bai ciyar da ni ba, wannan gaskiya ne, kuma ba na maki alkawarin zai ciyar da ke. Amma ba don ke na faɗa ba. Na ga murna a fuskarki irin wadda na taɓa yi, sai tsohon ciwo ya motsa. Ba shawara ba ce, kishi ne na tsoho, ki zubar da ita.

In kin je, ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki zauna gaba a aji. Malamin da ya ce ki same shi shi kaɗai, ki tafi da ƙawa. Kada ki ji kunyar cewa daga Batsari kike, ko da sun yi maki kallon 'yar gudun hijira. Kin ga abin da su a littafi kawai za su karanta. In kuka fita tono a wani ƙauye, ki gaida tsofaffin wurin kafin ki taɓa ƙasarsu, ki zauna da matan ki ga yadda suke ajiye kayansu.

Batun abinci kuwa, kwantar da hankalinki. Matar Jauro na aiko mani da fura da nono kullum, ɗaya daga karsanun ta haihu. Gidan Liman na kawo tuwon dare. Na ma gwada girki da kaina sau ɗaya, na zuba wa akuya ta shinshina ta yi gaba, Jauro ya ce ko ɓarayin daji aka ba wannan tuwon za su tuba. Ba yunwa za ta kashe ni ba. Abin da zai karya ni shi ne a ce bakina ya kori mutane daga garinsu, na bi na dawo da su, sannan ya hana 'yata karatu ban iya dawo da ita ba.

Saboda haka ba shawara nake ba ki a nan ba, umurni ne. Gobe ki shiga motar farko ta Katsina, daga can ki wuce. Kada ki biyo ta nan yi mani sallama, hanyar ba ta da tabbas kuma lokaci ya ƙure. Na yafe maki sallamar, na sa maki albarka daga inda nake zaune.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya rufe idon mugu daga motar da kike ciki, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da ƙawaye na gari. Ya buɗe maki abin da Ya rufe mani. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode da ta tona ki.

Ina jiran amsa, Uwata, amma duk takardar da ta fito daga Batsari ba zan buɗe ta ba. Ki rubuto mani daga can.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Lawal.